Mai Kwaɗo da Mabuɗin Auta

A layinmu da wuya ka sami wanda bai taɓa tsayawa gaban rumfar Mai Kwaɗo yana sosa ƙeya ba. Ko ka yar da mabuɗin ɗakinka, ko ya karye maka a cikin kuba, ko yaro ya wurga shi a kwata don ya ga yadda zai nutse, ƙarshenta dai wurinsa za ka je. Rumfar ba wata babba ba ce. Tebur ne, da injin yankan mabuɗi mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, da magagari manya da ƙanana, sai wata waya da ya ɗaure a sama, mabuɗan da ba a yi wa haƙora ba suna lilo a jikinta. Garin tagulla ya riga ya zauna a ƙarƙashin farcensa, har in kuka gaisa sai ka tafi da ɗan ƙyalli a tafin hannunka.

Mutum ne mara yawan magana, amma yana da ƙa'idar da kowa ya sani. A wurinsa aiki bai ƙare don inji ya yi shiru ba. Sai an sa mabuɗi a kuba, an murɗa, ƙofa ta buɗe. In ka zo da kwaɗonka, a gabanka zai gwada. In kuwa kubar tana jikin ƙofa can gida, zai miƙa maka mabuɗin ya ce, "Je ka gwada, ka dawo ka faɗa mini." Shi ya sa kullum za ka ji wani ya wuce a babur ko a ƙafa yana ɗaga murya, "Mai Kwaɗo, ya kama!" Shi kuma sai ya ɗaga magagari sama, ko kai ba ya ɗagowa. In dai an ce ya kama, to magana ta ƙare, ƙofa ta buɗe, kowa ya kama gabansa.

Maƙwabcinsa a bakin titi shi ne Mai Faci, kuma tare suka tsufa suna tsokanar juna.

"Kwaɗo, yau ba za ka yi mana tsalle ba ne?"

"Ina ruwan mai sayar da iska da tsallena? Mutumin da duk hajarsa in ya buɗe hannu ta gudu."

Haka suke tun gashinsu yana baƙi.

Manyan 'ya'yan Mai Kwaɗo sun watse, kowa da inda abinci ya kai shi. Wadda ta rage a gida ita ce Auta. A ƙarƙashin teburin nan ta yi rarrafe, mabuɗai ne kayan wasanta. Ta yi karatu har jami'a, da ta gama kuma ba ta fito ba, ta zauna a sashen da ake binciken cututtuka da kwamfuta. Mu dai a layi mun rasa yadda za mu kira aikin. Ba ta duba mara lafiya, ba ta yin allura, ko farar riga ba ta sawa. Inna, mahaifiyarta, in an tambaye ta sai ta ce, "Likita ce, amma marasa lafiyarta duk suna cikin kwamfuta."

Wata rana da la'asar, tun kafin kowa ya san akwai wata damuwa a gidan, Auta ta biyo ta rumfa ta zauna a benci, uban ya ce ta gaya masa tsakani da Allah abin da take yi a wurin nan tun safe har yamma.

Ta ɗauki wani kwaɗo daga kan tebur ta ce, "Baba, a cikin ƙwayar ciwon daji akwai wani ɗan abu da ake kira furotin, shi ke sa ta yi ta haihuwa ba tsayawa. To yana da rami a jikinsa, kamar wannan. In aka sami sinadarin da zai shiga ramin ya zauna daidai, sai ya hana shi aiki. Sinadaran kuma ba su ƙirguwa. Maimakon a haɗa kowanne a kwalba, sai mu zana ramin a kwamfuta, mu yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya."

Ya ajiye magagari. "Wato mabuɗai kike gwadawa."

"Kusan haka ne."

"Ashe gado kika yi!" Ya leƙa waje. "Kai mai iska, ka ji? Sana'ata ce ake koyarwa a jami'a. Taka fa, a wace makaranta ake hura taya?"

Ranar har dariyarsa aka ji, abin da ba kasafai ake ji ba.

Inna ce ta fara lura da ciwon. Ta ga mazagin wandonsa yana ƙara tsawo, ta ga yana ture kwano da rabin abinci, ta ga yana daɗewa a banɗaki ya fito yana haɗa gumi. Da ƙyar da siɗin goshi aka kai shi asibiti. Aka yi hoto, aka zura wata 'yar kyamara, aka ɗebi abin da za a ɗiba. Likitan tiyata, wani gajeren mutum mai jajayen idanu saboda rashin hutu, ya zaunar da su su uku ya zana musu hanji a takarda, ya ɗiga alama a wuri guda.

Ya ce, "Baba, ciwon daji ne. Amma ga abin godiya, har yanzu yana nan wuri ɗaya, bai tafi ko'ina ba. In muka yanke wannan yanki yanzu, akwai kyakkyawan zato. In aka bar shi, ba ya jira. Sai dai mai yiwuwa mu buɗe maka wata 'yar hanya a gefen ciki, a maƙala jaka, bayan gida ya riƙa fita ta nan. Wataƙila na ɗan lokaci ne."

Aka ba su rana.

Da suka koma gida ya zauna a bakin gado, ya kalli Inna ya ce, "Ni da na ƙare rayuwata ina rufe wa mutane ƙofa, ni za a buɗe wa ƙofa a ciki? In zauna cikin mutane da ƙazantata rataye a ƙugu?"

"Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Inna.

Gidan ya yi tsit na kwanaki. Kowa yana tafiya kamar mai tsoron fasa ƙwai. Ana cikin haka, ranar asibiti tana matsowa, sai ga Auta ta dawo daga jami'a da fuskar da aka daɗe ba a gani ba. Watanni ke nan kwamfutocinsu suna aiki ba abin da ya fito, ranar kuma wani sinadari ya zauna a ramin yadda ba a taɓa samu ba. Yarinya ta ga gida ya daɗe bai ji labari mai daɗi ba, ta ce bari ta kawo ko ɗaya. Tun daga ƙofa ta ce, "Inna, albishirinki! Ya kama!"

Uban yana kishingiɗe a tsakar gida. Ya tashi zaune.

"Me ya kama?"

"Sinadarin da muke nema, Baba. Ya shiga ramin ya zauna daram, kamar don shi aka yi."

"Na ciwon daji?"

"Eh."

"Irin nawa?"

"Danginsa ne."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce Inna ta zubo masa abinci, ya cinye tas, har ya nemi ƙari. Uwa da 'ya suka kalli juna suna murna, a zatonsu farin cikin 'yarsa ne ya buɗe masa ciki. Ba wanda ya san abin da kalmar nan ta je ta yi a kunnen mutumin da ya shekara da shekaru yana jin ta a bakin rumfa.

Ranar da za a kwantar da shi, Inna ta haɗa jaka da safe, ta sa bargo da buta da kofi. Ta leƙa ɗaki, babu Malam. Auta ta fita da gudu ko takalmi ba ta sa daidai ba. Tun daga nesa ta jiyo kukan inji. Yana zaune yana yanka wa wata mata mabuɗin shago, hankalinsa kwance.

"Baba, mota tana jira."

"Ku sallame ta."

"Baba, yau ne fa."

"Na sani." Ya hure garin tagulla daga mabuɗin. "Me zai sa a yanka ni, bayan 'yata ta yanka mabuɗi? Ba ke kika ce ya kama ba?"

Auta ta ce a lokacin ji ta yi kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashinta. Ta durƙusa a gaban teburin, a gaban matar nan da masu wucewa, ta shiga bayani. Ta ce a kwamfuta ne kawai. Ta ce sai an haɗa shi tukuna, a gwada a kan ƙwayoyi a faranti, a gwada a ɓeraye, sannan a mutane kaɗan, sannan a mutane da yawa. Ta ce abin shekaru ne.

Ya gyaɗa kai kamar mai jin abin da ya riga ya sani. "Ai ni ma in na yanka mabuɗi ba na miƙa shi da kaushinsa, sai na goge. Ki je ki goge, Auta. Zan jira."

"Ba gogewa ba ce, Baba!"

"Kin faɗa da bakinki. Ya kama ko bai kama ba?"

"Ya kama, amma..."

"To shi ke nan. Babu amma a bayan ya kama."

Ranar ta wuce. Gadon da aka tanadar masa aka ba wani.

Daga nan aka shiga wani hali da ba na yi wa kowane gida fatansa. Auta ta yi magana da lallashi, ta yi da kuka, ta yi da fushi. Yayyenta suka yi ta bugo waya, yana amsawa da "Allah ya yi muku albarka" ya kashe. Shi a ganinsa kunya ce irin ta yarinya mai tarbiyya, ba ta son yabon kanta. Daga baya ya koma cewa tsoron shugabarta take ji, Farfesa ce ta kulle maganin sai an yi taro an ɗauki hoto. Ya kuma riga ya gaya wa duk wanda ya tsaya a rumfa cewa Autarsa ta gano maganin daji, har mutane suka fara tare ta a hanya, wannan ya ce yana da gwaggo a kwance, wancan ya ce surukinsa.

Abin da ya fi karya ta shi ne Inna. Wata rana suna wanke-wanke, uwar ta rage murya ta ce, "Ke ma dai, Auta, ubanki ne fa. Ko ɗan kaɗan ne ki ƙullo masa a leda, wa zai sani?"

Auta ta saki kwanon da ke hannunta ta zauna a ƙasa.

Ta koma wurin likitan tiyata ita kaɗai. Ya saurare ta yana murza ido, ya ce, "Ƙanwata, ba zan iya ɗaure babban mutum mai hankalinsa in kai shi ɗakin tiyata ba. Ki kawo shi da ƙafarsa. Amma ki yi sauri, abin nan ba ya hutun ƙarshen mako."

Mai Faci ma ya gwada tasa. Ya zo ya zauna a benci ya ce, "Kwaɗo, ka ga yadda ka koma? In iska ta taso sai na ɗaure ka a jikin tebur. Ka je a yi maka faci mana. Ni da nake yi wa taya kullum, ka taɓa ganin wadda ta ji kunya?"

"Taya ba ta da 'ya a jami'a," in ji Mai Kwaɗo.

Mai Faci ya buɗe baki zai rama, ya ga yadda wuyan riga ya yi wa abokinsa yawa, sai ya tashi ya koma wurinsa.

Makonni suka yi ta tafiya. Mai Kwaɗo ya daina zama a miƙe, sai ya dafe gefen ciki. Hannunsa ya fara ɓata mabuɗi, abin da bai taɓa yi ba. Da ya ga jiran ya yi tsawo kuma jiki yana gaya masa gaskiya, sai ya yanke shawarar zuwa da kansa. Wata safiya ya yi wanka, ya sa rigarsa mafi kyau, ya ɗauki wata 'yar kwalba da ya wanke ya shanya, ya sa a aljihu, ya hau mota zuwa jami'a. Ya yi ta tambaya daga wannan gini zuwa wancan, yana hutawa a kan matakala, har aka kai shi.

Auta ta ɗago kai daga kwamfuta ta gan shi tsaye a ƙofa yana haki.

Ɗakin dogo ne, mai sanyi kamar cikin randa. Tebura a jere, kowanne da allon kwamfuta da mutum a gabansa ya toshe kunne. Farin allo a bango cike da zane-zane. Ta bayan wani gilashi, wasu dogayen akwatunan ƙarfe suna gurnani, ƙananan fitilu suna ƙiftawa a jikinsu. Mai Kwaɗo ya bi ɗakin da kallo, kusurwa zuwa kusurwa. Kwalabe yake nema. Babu ko ɗaya sai gorar ruwan wani ɗalibi.

Farfesa ta fito daga ofishinta, mace mai furfura da tabarau rataye a wuya. Ta gane shi tun kafin a faɗa mata, don Auta ta sha kuka a ofishin nan. Ta ja masa kujera da kanta.

Bai zauna ba. Ya cire hula, ya rusuna wa matar da bai girme ta da wani abu ba, ya ciro kwalbar nan ya riƙe da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, ni ne mahaifin wannan. Ban zo rigima ba. Na san kowane aiki da dokarsa. Amma ni kwana ya ƙure mini. Ko cokali ɗaya ne a taimaka. Ba zan gaya wa kowa ba."

Duk ɗakin aka cire abin kunne.

Farfesa ta ce, "Baba, don Allah zauna. Auta, nuna masa."

Auta ta juyo da allon. Ta taɓa wani abu, sai ga wani dunƙule mai launi-launi kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, yana juyawa a hankali. A gefensa akwai ɗan rami, a cikin ramin wani ɗan abu kore ya lafe.

"Ga shi, Baba. Wannan koren."

Ya sa fuska kusa. Ya daɗe yana kallo. Mai sana'a ne, ya ga yadda abin ya zauna, ba gibi ba tudu. Har ya ɗan yi murmushi.

"Kai, ya zauna. To ina shi kansa?"

"Shi ke nan, Baba."

"Wannan hotonsa ne. Ina wanda aka ɗauki hoton?"

"Babu shi. Ba hoto ba ne, lissafi ne. Ba a taɓa haɗa shi ba. Duk duniya babu ko ƙwayarsa."

Ya juya wurin Farfesa, kamar yaro ne ya yi shirme yana jiran babba ya gyara. Ta girgiza kai a hankali. Ta ce za su roƙi masu haɗa sinadarai su haɗa, in an samu sai a fara da ƙwayoyi a faranti, in ya yi kyau a je ga ɓeraye.

"To ku bar ɓerayen," ya ce da sauri. "Ga ni. Ɓera bai roƙe ku ba, ni na roƙa. In ya kashe ni na yafe, a gaban shaidu."

Wani ɗalibi ya tashi ya fita daga ɗakin.

A nan ne Auta ta yi abin da ta daɗe tana gudu, don ta san me zai karya. Ta buɗe wani wuri a kwamfutar, ta shiga nuna masa wasu dunƙulen, kowanne da ɗan abinsa a lafe a rami.

"Baba, wannan ma ya kama, kafin in zo nan. Da aka haɗa shi, ko narkewa a ruwa ya ƙi yi. Wannan ya kama, ya kashe ƙwayoyin ciwon, ya haɗa da masu lafiya. Wannan ya kai har ɓeraye, ya lalata musu hanta. Wannan ma. Wannan ma. A wurinmu in an ce ya kama, ana nufin ya isa a fara wahala a kansa. Yawancinsu a hanya suke mutuwa. Nawa ma wataƙila haka zai yi. Ko da zai yi aiki, ba zai same ka ba, Baba. Ba ni da magani. Ban taɓa warkar da ko ƙuda ba. Wuƙar likitan nan ita kaɗai ce abin da muke da shi."

Ya tsaya da kwalba a hannu. Can ya ce, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi, "To duk shekarun nan, me kike yi?"



Ya mayar da hularsa, ya yi wa Farfesa godiya, ya ajiye kwalbar a kan teburin Auta kamar ya manta tasa ce, ya fita. Ta bi shi a baya har tasha, ya ƙi juyowa. A mota ta zauna kusa da shi, ya kalli taga har suka sauka.

Washegari ya ce wa Inna, ba wa Auta ba, "Ki gaya musu su nemo wata ranar."

Aka nema. Amma layin masu jiran tiyata dogo ne, kuma wanda ya bar gurbinsa baya yake komawa. Ranar da aka samu tana da ɗan nisa. Bai sake buɗe rumfa ba, don ba ya son haɗa ido da mutanen da ya yi wa albishir. Ya kwanta a ɗaki yana fuskantar bango. In Auta ta shigo da ruwa, sai ya rufe ido.

Bai kai ranar ba. Wata safiya ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ba abin da ke wucewa, sai amai. Mai Faci ne ya tare wata motar kaya a tsakiyar titi da hannu biyu, ya ɗauki abokinsa kamar yaro, yana cewa, "Kwaɗo, kar ka yi mini haka, wa zan zaga in ka tafi?" Kai tsaye aka wuce da shi ɗakin tiyata.

Inna da Auta suka zauna a benci a baranda har rana ta karkata. Da likitan ya fito, bai zauna ba. Ya ce an cire abin da ya toshe, kuma Baba ya farfaɗo. Ya ce yankan ya fi wanda aka shirya da farko girma, jakar kuma yanzu ta zauna ke nan, ba ta ɗan lokaci ba ce. Sannan ya kalli ƙasa ya ce sun ga wani ɗan tabo a hanta wanda babu shi a hoton farko. Sai ya warke za a sake hoto a san ko mene ne.

Inna ta ce, "Da an yi a wancan lokacin fa?"

Likitan ya ce, "Mama, mu bar wannan." Ya wuce.

Auta ba ta koma jami'a ba. A gefen gadon ta tare, tana juya shi, tana goge masa baki, shi kuwa ko sunanta bai kira ba. Kafin a sallame su, ma'aikaciyar jinya ta ce dole wani a gida ya koyi canza jakar. Ta nuna musu sau ɗaya: a wanke, a busar, a auna bakin hanyar, a yanke da'ira a jikin abin maƙalawa daidai da girmanta. In ramin ya yi faɗi, ƙazanta ta ci fata. In ya yi ƙanƙanta, ya matse nama ya yi jini. Inna ta gwada kallo, jiri ya ɗebe ta. Saura Auta.

Ranar canjin farko a gida, ta rufe ƙofa, ta jera ruwan ɗumi da auduga da ɗan almakashi mai lanƙwasa. Ya kwanta ya ɗage riga, fuskarsa a bango. Ta cire tsohuwar jakar, ta wanke wurin, jan naman bakin hanyar yana motsi shi kaɗai. Ta auna, ta fara yanka. Hawaye ya rufe mata ido, almakashi ya zarce, da'irar ta fito a karkace. Ta ɗauki wata. Ita ma ta ɓaci.

Sai ta ji ya motsa. Ya yunƙura ya jingina da matashi, ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ta ba. Ta ɗora masa almakashin. Ya sunkuya zai duba cikinsa, abin da bai yarda ya yi ba tun da aka yi aikin, amma ɗinkin ya hana shi lanƙwasa.

"Ɗauko madubin uwarki," ya ce.

Maganarsa ta farko ke nan gare ta tun ranar jami'a. Ta ɗauko da gudu, ta durƙusa ta riƙe masa. Ya kalli abin a madubi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki sabon abin maƙalawa, ya sa bakin almakashi, ya fara juya shi a hankali.

"Riƙe da kyau, Auta, hannunki rawa yake. Ɗan ɗaga sama. Yawwa, nan."

Ta riƙe da hannu biyu. A waje Inna tana tambayar wani a waya ko an sa ranar hoton hantar.